Tarihin Umaru Ganda Na Yamai, Ɗan Dakon Da Ya Koma Mai Shirya Wasan Silima

Wanda ya tashi daga Birchi ko Kurfi ko Dutsin-Ma da niyyar fatauci a ƙasar Nijar, in ya bi ta Katsina, ya fita ta Jibiya, ya sauka Maraɗi, sa'an nan ya juya yamma ya wuce Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, to, bayan tafiyar wajen mil 400 daga Maraɗi sai ya gan shi a Yamai, bakin kogin Kwara. A cikin birnin nan akwai wani babban gida na taro da wasanni wanda a ke kira da sunan Umaru Ganda. Mutanenmu da yawa sun sha wucewa ta ƙofarsa ba su san mai sunan ba, wani ya zaci wani sarki ne na dā, wani ya ce ko minista ne. Ko ɗaya. Tsohon soja ne, tsohon ɗan dako, wanda ya koyi shirya wasan silima da girmansa, ya riƙa rubuta labarunsa da kansa, yana ɗaukarsu da ɗan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, har sunansa ya kai Faransa da Rasha. Tarihinsa za mu kawo muku yau.

Na sani cikin masu karatun wannan shafi akwai waɗanda ba su taɓa taka ƙofar gidan silima ba, ba su kuwa da niyya. Ban zo don in ja kowa can ba. Amma mutumin nan ya yi magana a kan alhazai da malamai da attajirai, maganar kuwa ta zaga ƙasashe, saboda haka ya kamata waɗanda aka yi ta a kansu su san wanda ya yi ta, su san kuma abin da ya ce.

An haifi Umaru Ganda a Yamai cikin 1935. Bazabarme ne. A lokacin Yamai ƙaramin gari ne, domin shekara tara ke nan kawai da Faransawa suka ɗauke hedkwatar mulkinsu daga Damagaram suka mai da ita can, watau a 1926. Ya yi makarantar boko ta farko, bai wuce nan ba. Yana da shekara 16, a 1951, sai ya shiga sojan Faransa.

Faransawa kuwa a wannan lokaci suna cikin yaƙi a wata ƙasa mai nisa, kudu da ƙasar Sin, wadda su ke kira Indoshin, yau ta kasu uku, Biyetnam da Lawos da Kambodiya. Mutanen Biyetnam, a ƙarƙashin shugabansu Ho Chi Minh, sun ɗauki makamai tun 1946 suna neman mulkin kansu. Faransawa suka kwashi samarin ƙasashen da su ke mulki, na Afirka ta Yamma da na Magrib, suka zuba su a jirgin ruwa, suka kai su don su yaƙi waɗanda ciwonsu ɗaya. Dattawan ƙasar Katsina sun san irin wannan, don haka Ingilishi suka kai namu Bama zamanin yaƙin Hitila, suka komo da lamba a ƙirji da labarun da ba mai iya gaskatawa ko ƙaryatawa. Ganda ya yi shekara biyu a can. A watan Mayu na 1954 babban sansanin Faransawa na Diyan Biyan Fu ya faɗa hannun mutanen ƙasa, a watan Yuli aka yi sulhu a Janiba, a 1955 kuma aka sallami Ganda. Ya komo gida yana da shekara 20, bai iya wata sana'a ba sai riƙon bindiga.

Ya nemi aiki a Yamai bai samu ba. Sai ya yi abin da samarin ƙasarsu su ke yi, abin da namu ma su ke yi in kaka ta wuce, ya tafi cin rani kurmi. Ya sauka Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa. Garin nan a lokacin yana cikin bunƙasa, domin a 1950 aka gama haƙa mashigin da ya haɗa tafkin Abijan da teku, manyan jirage suka fara shigowa har cikin gari suna ɗaukar koko da kofi da gungumen katako. Kayan nan kuwa sai an sami mai ɗauka. Ganda ya zama ɗan dako a tashar jiragen, irin leburan da a kan ɗauka da safe a sallame su da yamma, gobe kuma sai yadda hali ya yi. Yana kwana a unguwar Tireshbil, inda baƙi daga arewa su ke cunkushe.

A nan Allah Ya haɗa shi da wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch. Shi wannan Bature ya fara zuwa Nijar a 1941, yana injiniyan hanyoyi da gadoji, daga baya ya bar wannan ya koma binciken al'adun mutanen bakin Kwara, ya kuma laƙanci ɗaukar hoton silima. A shekarun nan yana bin sawun 'yan cin ranin Nijar da ke gangarawa Gwalkwas, watau Gana ta yau, da Kwaddibuwa, yana so ya san yawansu, da inda su ke fitowa, da abin da su ke komawa da shi. Yana bukatar wanda ya iya rubutu, ya kuma ji harshen mutanen. Ya ɗauki Ganda aikin ƙidaya da tambaya.

Daga nan sai Rouch ya yi shawarar ya ɗauki hoton zaman waɗannan samari kamar yadda ya ke, su da kansu su zama 'yan wasa. A 1957 aka ɗauka, a 1958 aka fitar, aka sa masa suna Moi, un Noir, watau Ni, Baƙar Fata. Abin da ya fi ba ni mamaki a cikinsa shi ne sunaye. Samarin Tireshbil ba su da wurin hutawa sai gidan silima, hotunan da a ke nuna musu kuwa yawancinsu na Amurka ne da Faransa, har kowa ya ari sunan wani ɗan wasa ya yafa. Akwai Tarzan, direban tasi. Akwai Eddie Constantine, ɗan talla mai son mata, wanda ya ƙare a kurkuku saboda faɗa da ɗan sanda. Akwai wata yarinya da a ke ce wa Dorothy Lamour. Ganda kuwa Edward G. Robinson a ke kiransa, sunan wani gajeren ɗan wasan Amurka da ya shahara wajen fitowa a matsayin shugaban 'yan fashin birni. Ka ji yaron da aka haifa a bakin Kwara, ya yi yaƙi a gabashin duniya, yana dako a bakin teku, yana amsa sunan mutumin da bai san da zamansa ba.

Na'urar da Rouch ya yi aiki da ita ƙarama ce ta hannu, wadda a ke wanawa kamar agogo, ba ta cika rabin minti sai ta tsaya a sake wana ta, ba ta kuwa ɗaukar magana. Saboda haka bayan an harhaɗa hotunan sai aka zaunar da Ganda a gabansu, ana nunawa yana faɗin abin da ya zo bakinsa, ana ɗauka. Muryar nan tasa ita ce ran wasan gaba ɗaya. Yana ba'a, yana ƙorafi, yana mafarkin ya zama zakaran damben duniya, ya sami mota da gida da mace. A ƙarshe an nuna shi yana tafe a bakin tafki tare da wani yaro, yana ba shi labarin Indoshin, yana kwatanta yadda a ke jefa gurneti, yana faɗuwa ƙasa yana tashi, mutane na wucewa ba wanda ya kula.

Wasan ya yi suna ƙwarai a Faransa. Ya ci kyautar Louis Delluc ta 1958, samarin masu shirya silima na Paris, irin su Jean-Luc Godard, suka yabe shi, suka ɗauki darasi a cikinsa. Amma sunan da ke kan kaya na Rouch ne. Duk ɗan kasuwa ya san yadda a kan yi in mai kaya bai san hanyar kasuwa ba, dillali ne a ke sani, shi a ke gaisarwa. Ba na cewa Rouch ya ci amana, don shi ya buɗe wa Ganda ƙofar, bai kuma daina hulɗa da mutanen Nijar ba har ya mutu. Sai dai daga baya Ganda ya nuna a fili bai gamsu da yadda aka siffanta shi ba, yana ganin labarin rayuwarsa ne, amma wani ya zaɓi abin da za a bari da abin da za a yanke. Duk abin da ya yi bayan wannan, in ka duba, daga wannan rashin gamsuwa ya tsiro.

Ya koma Yamai. Nijar ta sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, Diori Hamani ya zama shugaba. A birnin aka buɗe gidan al'adu na haɗin gwiwar Faransa da Nijar, a cikinsa kuwa akwai ƙungiyar masu sha'awar silima, inda waɗansu ma'aikata Faransawa su ke koya wa samari riƙon na'ura da ɗaukar murya. Ganda ya shiga, ya zama mataimaki, mai ɗaukar kaya da riƙe fitila, yana kallo yana koyo, kamar yadda yaron maƙeri ya kan fara da zuga. Ba shi kaɗai ba ne. Akwai Mustafa Alasan, wanda ya riga shi farawa, wanda a 1966 ya yi wani wasa a kan samarin ƙauye da suka sami kayan kaboyi daga Amurka suka addabi garinsu. Akwai Jingare Maiga da Inusa Usaini. Ƙasar da ba ta da ko ɗakin wanke fim guda, sai ga ta cikin na gaba a Afirka a wannan sana'a.

A 1968 ƙungiyar ta sa gasar rubuta labarin wasa. Ganda ya zauna ya rubuta nasa, ya sa masa suna Cabascabo, ya kuma fito a matsayin mai sunan da kansa. Labarin wani soja ne da ya komo daga Indoshin da kuɗin sallama a aljihu. Gari ya tarye shi, abokai suka kewaye shi, kowa yana kirarinsa, shi kuwa yana ba da labarin yaƙi yana ɓarin kuɗi. Ana nuna abin da ya ke tunawa guntu-guntu, daji da ruwa da harbi, da zaman baƙin soja a ƙarƙashin hafsoshi Turawa. Ran da aljihu ya bushe sai ya duba bai ga kowa ba. Ya nemi aiki, aka yi ta juya shi, ya gangara har ya zama lebura, daga ƙarshe ya ba birni baya ya nufi karkara don ya koma noma. Minti 45 ne duka duka, baƙi da fari, da Zabarmanci da Faransanci. A Nijar aka ɗauke shi, har da wuraren yaƙin, domin ba kuɗin zuwa Biyetnam, ko da akwai ma, ƙasar tana cikin wani sabon yaƙi da Amurka. A 1969 aka nuna shi a babban taron silima na Cannes a Faransa, aka kuma ba shi takardar yabo a taron Masko. Labarin da ya taɓa bayarwa a bakin tafkin Abijan, a cikin wasan wani, yanzu ya ba da shi a nasa, daga farko har ƙarshe, yadda ya ga dama.

A nan ya kamata mu tsaya mu duba yadda a ke wannan sana'a da hannu wofi, don 'yan kasuwa za su fi kowa gane ciwon. Fim, watau zaren da hoto ke hawa kansa, iri biyu ne a lokacin. Akwai mai faɗin milimita 35, shi ne na manyan kamfanoni, shi ne kuma injunan gidajen silima su ke karɓa. Akwai mai faɗin milimita 16, mai araha, irin wanda majigin En'e ya riƙa yawo da shi gari gari a ƙasarmu a dā. Da wannan ƙaramin Ganda ya yi aiki. Kowane taku na zaren nan daga Turai a ke sayo shi, in an ɗauka kuma sai an sa shi a jirgin sama an kai Faransa an wanke. Mai shirya wasa ba ya ganin abin da ya ɗauka sai bayan makonni, ko kuwa sai ya je can da kansa wajen yanka da haɗi. In ya tarar haske ya ɓaci, ko wani ya yi kuskure, ya makara, 'yan wasa sun watse, damina ta sauya kamannin wurin. Don haka dole ya auna kowane abu a ransa kafin a wana na'ura, kamar maɗinkin da aka ba yadi ɗaya tak. 'Yan wasansa kuwa abokai ne da maƙwabta, kowa da abin da ya ke yi na neman abinci. Shi ne marubuci, shi ne mai ba da umurni, shi ne kuma sau da yawa ɗan wasa.

Ko a Amurka akwai masu irin wannan aiki na ƙaramin jari. A gefen manyan kamfanonin Hollywood an yi waɗansu ƙanana, irin su Monogram da Republic, waɗanda su kan gama wasan kaboyi cikin mako guda ko biyu, da doki ɗaya da tsauni ɗaya a wasa goma. Amma su suna da inda za su kai kayansu, har ma irin kayan nan ne ya cika gidajen silima na Afirka. Ganda fa? A ƙasashen da Faransa ta raina, kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su ne ke riƙe da sayo hotuna da rarraba su, gidajen silima da yawa kuma nasu ne. Suna samun tsofaffin hotunan Amurka da Indiya da Masar a kan kuɗi kaɗan, suna cika gida da su. Me zai sa su sayi na ɗan ƙasa, gajere, a kan zaren da injinsu ba ya karɓa? Sa'ad da ƙasar da a ke kira Burkina Faso yanzu ta ƙwace gidajen silimarta a 1970, kamfanonin nan hana ta kaya suka yi. Abin da ya rage wa yawancin masu shirya wasa na waɗannan ƙasashe shi ne wani ofis na ma'aikatar taimakon ƙasashe a Paris, wanda ya kan ba da ɗan kuɗi da ɗakin haɗi, a madadin haka ya sami izinin nuna wasan kyauta a makarantu da gidajen al'adu. Watau ka saƙa zane da hannunka, rumfunan kasuwar garinku duka na baƙo ne, mai saye ɗaya ne, shi ne kuma ya ranta maka zare. Wannan ya sa mutumin Paris ya fi mutumin Doso sauƙin ganin aikin Ganda.

Duk da haka bai sauya abin da ya ke son faɗi don ya gamshi baƙi ba. Wasansa na biyu, wanda ya gama wajen 1970, ya sa masa suna Le Wazzou polygame. Kalmar wazzou ita ce wa'azi, ta shiga Zabarmanci daga Larabci kamar yadda ta shigo Hausa. Ga labarin. Wani mai hali ya komo daga Makka, ya zama Alhaji, gari na girmama shi. Yana da mata biyu. Idonsa ya faɗa kan wata yarinya, Satu, wadda an riga an yi wa wani saurayi, Garba, alkawarinta. Iyaye suka dubi dukiya da rawani, suka ta da magana. Garba ya yi fushi ya bar gari ya tafi birni. Matar Alhaji ta biyu, Gaika, kishi ya rufe mata ido, ta ƙulla niyyar kashe amarya a daren biki, cikin duhu hannunta ya faɗa kan ɗaya daga cikin ƙawayen amarya, wadda ba ta ci ba ba ta sha ba.

Wani zai ji wannan ya ce yaron Nasara ne ya zo yana zagin hajji da auren mace fiye da ɗaya. Ni ban karanta shi haka ba. Almajirin da ya kai babin aure a Risala ya san an hana mutum neman aure a kan neman ɗan'uwansa in an riga an amince an daidaita. Ya san kuma zuwa Makka ba ya halatta wa kowa abin da ya haramta gare shi kafin ya tafi. Laifin Alhajin nan laifi ne a littafi tun kafin ya zama laifi a majigi. Abin da Ganda ya ƙara shi ne ya nuna inda jinin ya ke zuba, ya nuna kuma iyayen da suka karɓi kuɗi, da mutanen gari da suka gani suka yi shiru saboda mai abin babba ne. In akwai abin da zan kushe, shi ne Turawan da suka kalla ba su san bambancin shari'a da son zuciyar mai rawani ba, wataƙila sun tafi da zaton duk ɗaya ne. Wannan kuwa haɗari ne da ke kan duk wanda ya yi faɗan gida a inda baƙi su ke ji, kuma mun ga dalilin da ya sa ba shi da wani dandalin.

A Wagadugu tun 1969 aka fara wani taro na masu shirya silima na Afirka, wanda a ke kira FESPACO. A 1972 aka fara ba da babbar kyautarsa, siffar ingarman Yennenga, gimbiyar da Mosawa su ke cewa ita ce kakarsu. Wanda ya fara ɗaukar wannan kyauta a tarihi shi ne Umaru Ganda, da wasan nan na Alhaji. A lokacin kuwa akwai gwanaye, ciki har da Usman Sembene na Sanigal, wanda shi ma tsohon soja ne, tsohon ɗan dako a tashar Marsai, amma shi ya je Masko ya koyi sana'ar a makaranta. Ganda bai taɓa zama a irin wannan aji ba.

Bai huta ba, ya bi da Saïtane, watau Shaiɗan. Wannan ya fi na farko ɗaci. Wani malamin tsibbu ne a ƙauye, wanda mutane suka amince da shi, shi kuwa ya mai da kansa kawali tsakanin wata matar aure da wani mai kuɗi. Nan ma ba sabon abu Ganda ya zo da shi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albab ya yi tir da masu duba da masu cin dukiyar jahilai da sunan malanta, malamai na gari kuwa ba su daina wannan faɗa ba. Bambancin shi ne littafi sai mai karatu, hoto kuwa har tsohuwa da yaro suna ganewa, shi ya sa ya fi zafi.

Akwai wadda ta biya kuɗin wannan zafi da mutuncinta, ba daidai ba ne a ba da tarihin Ganda a tsallake ta. Zalika Sule, 'yar Yamai, ita ce ta riƙa fitowa a wasanninsa, sau da yawa a matsayin mace mai mugun hali. Mutane da yawa a lokacin ba su rarrabe wasa da gaskiya, suka ɗauka halinta ke nan, aka yi ta zaginta a titi. Da sana'ar ta mutu a Nijar sai ta shiga wahala, har ta kai ga tafiya ƙasar waje aikatau. Wata 'yar ƙasarsu, Rahmatu Keita, ta shirya hoto a kan rayuwarta a 2004. Ta rasu a 2021.

Shekarun da suka biyo baya masu wuya ne. Fari ya ci ƙasar, dabbobi suka ƙare, ran 15 ga Afrilu 1974 soja a ƙarƙashin Saini Kunce suka kifar da Diori. Ganda ya yi waɗansu gajerun hotuna na bayani, yana tara abin da zai yi babban aiki da shi. Sai a 1980 ya fito da L'Exilé, watau wanda ya bar ƙasarsa, shi ne mafi tsawo cikin ayyukansa, awa ɗaya da rabi, mai launi. Daga tatsuniya ya ɗauko shi. Wani sarki yana yawo a ɓoye, ya ji waɗansu samari biyu 'yan'uwa suna cewa in da za a ba su 'ya'yan sarki, ko na dare ɗaya ne, sun yarda a sare kawunansu. Sarki ya kira su, ya aura musu 'ya'yan, ya bar su suka ji daɗi, da wa'adi ya cika ya ce su kawo abin da suka faɗa da bakinsu. Ɗaya ya miƙa wuya. Ɗayan ya gudu da matarsa, ya sha yawon duniya, har ya zama sarki a wata ƙasa, amma a ƙarshe shi ma ya ba da ransa saboda magana da aka ƙulla. Ganda da kansa ya fito a matsayin sarkin farko. Fataken dā, waɗanda su kan karɓi goron jaka nawa a Gwanja ba takarda ba shaida sai kalmar baki, su komo baɗi su biya, ba sa bukatar a fassara musu wannan wasa. Ganda ya sa labarin a bakin wani jakada na zamanin yanzu, yana ba abokansa a Turai, don mai kallo ya gwada maganar mutanen dā da ta masu mulkin zamaninsa.

Bai daɗe bayan wannan ba. Ran Alhamis 1 ga Janairu 1981, cikin watan Safar na 1401, ciwon zuciya ya ɗauke shi, yana da shekara 45, yana cikin shirin wani sabon aiki. Allah Ya ji ƙansa. Manyan wasanninsa huɗu ne cikin shekara goma sha biyu, in ka haɗa tsawonsu duka da kyar su wuce awa huɗu.

A shekarar da ya rasu gwamnatin Nijar ta sa wa gidan taron nan na Yamai sunansa. Taron Wagadugu kuma ya ƙago kyauta da sunansa, wadda a kan ba wanda ya yi fice a wasansa na farko, a 1981 Kwaw Ansah na Gana ya karɓe ta. A wajenmu nan Nijeriya, Adamu Halilu ya fitar da Shaihu Umar a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma shi da kuɗin Gwamnatin Tarayya ya yi. Sai a 1990, shekara tara bayan rasuwar Ganda, samarin Kano suka fitar da Turmin Danya a kaset na bidiyo, wanda ba ya bukatar a kai shi Turai wanki, a kan kuma sayar da shi a rumfar kasuwa kamar sauran kaya.

Jean Rouch ya rayu shekara 23 bayan yaronsa na dā. A watan Fabrairu na 2004 ya yi haɗarin mota da dare kusa da Birnin Ƙonni, ya mutu yana da shekara 86, aka binne shi a Yamai. Gidan al'adun da Ganda ya koyi riƙon na'ura a cikinsa, daga baya sunan Rouch aka sa masa.